Tanja, Garin da Ake Koyar da Aikin Madugu a Aji

Tanja tana can ƙuryar arewacin Maroko, inda Bahar Rum ya haɗu da Tekun Atlantika. Idan gari ya yi wasai, mutum yakan tsaya a bakin ruwa ya hango duwatsun ƙasar Sifen da idonsa. Mu almajirai mun fi sanin garin da Ibn Baɗuɗa, wanda aka haifa a can a 1304, ya kuma taka har Takedda ta ƙasar Azbin a 1353, inda ya tarar ana haƙo tagulla ana kai ta Gobir da Barno. Ziyarar kabarin da ake dangantawa da shi a tsohon gari tana cikin abin da ya kai ni. Amma abin da ya riƙe ni, wanda kuma nake so in ba ku labarinsa, wani abu ne dabam. Mutanen wannan yanki sun ɗauki hidimar kai kaya da kawo kaya sun mai da ita ilimi, sun gina mata ajujuwa, kuma 'ya'yansu maza da mata suna cin abinci da ita a manyan masana'antu.

Daga Kasablanka na shiga jirgin ƙasan nan mai gudu da suke kira Al Boraq, wanda aka buɗe a 2018. Tsakanin Kenitra da Tanja yana kai kilomita 320 a awa, kuma cikin awa biyu da 'yan mintuna ya sauke mu. A tasha na iske mai masaukina yana jirana, ɗan wani aminina ne mutumin Damagaram, yana karatun injiniyan masana'antu da lojistik a garin. Yana cikin ɗimbin yaran ƙasashen Afirka ta Yamma da ke karatu a Maroko. Bayan mun gaisa, na isar masa da saƙon mahaifinsa, sai na tambaye shi abin da kowane uba zai tambaya: wai shin me ake koya muku, kuma wane aiki za ka yi da shi?

Ya yi murmushi ya ce, "Baba, idan na yi maka bayani a nan ba zai shiga ba. Bari gobe in kai ka ka gani."

Washegari muka ɗauki hanyar gabas, wadda ke bin gaɓar teku tana hawa da sauka a kan tuddai. Bayan kimanin kilomita 40, mun wuce wani ƙaramin gari mai suna Kasar Sagir, sai ya ce wa direba ya tsaya a kan wani tudu. Na leƙa ƙasa, na ce tabarakallah. Tashar jiragen ruwa ta Tanja Med ce shimfiɗe a gabanmu, iyakar ganin ido. Ga manyan ƙugiyoyin ɗaga kaya a jere, ga kwantenoni an ɗora su hawa-hawa, ga wani fili cike da sababbin motoci suna ƙyalli suna jiran jirgi. A ɗaya gefen kuma tireloli ne layi-layi, suna shiga cikin jiragen fito da za su tsallakar da su zuwa Aljasiras a Sifen. Mashigin ruwan da ke tsakanin Maroko da Sifen a inda ya fi ƙunci bai wuce kilomita 14 ba.

A 2007 aka buɗe wannan tasha, aka ƙara mata sashe na biyu a 2019. A shekarar 2024 kwantena fiye da miliyan 10 suka ratsa ta, a ma'aunin kwantena mai tsawon ƙafa 20, kuma babu tashar da ta kai haka a Afirka ko a duk faɗin Bahar Rum. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rashin hayaniya. Ban ga tirela ta tare hanya ba, ban ga direba ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota yana jiran ranar da Allah zai kawo layinsa ba. Yaron ya ce takardun kaya sukan riga kayan isa ta kwamfuta, kuma akwai mutanen da aikinsu ke nan, su tabbata mota ba ta taso ba sai an shirya karɓarta. Ya ce, "Irin waɗannan mutane ake horar da mu mu zama."

A hanyar dawowa muka bi ta Mellusa, inda kamfanin Renault ya gina masana'antar da Sarki Muhammadu na Shida ya buɗe a 2012. Tana iya fitar da motoci fiye da 300,000 a shekara, kuma layin dogo ya haɗa ta da tashar jiragen ruwa kai tsaye, ana loda motoci a taragu daga ƙofar masana'anta. Dacia Sandero, wadda ta fi kowace mota kasuwa a Turai a 2024, a nan da Kasablanka ake ƙera ta. Yau motoci da kayansu sun zama babban abin da Maroko ke sayarwa ƙasashen waje, cinikinsu ya haura dirhami biliyan 140 a 2023.

Na ce masa lallai injinan da ke cikin wannan gini abin kallo ne. Sai ya ce, "Baba, injin kowa mai kuɗi zai iya saye. Mota ɗaya tana da sassa kusan 30,000 idan aka ƙirga har da ƙananan notuna. Idan layukan nan suna aiki sosai, kusan kowane minti mota take fitowa. To, a ce noti ɗaya bai iso ba, ko kujera ta zo ba kalar da ake so ba, duk injinan nan tsayawa za su yi, ma'aikata dubbai su naɗe hannu." Ya ce akwai kayan da ba a ma ajiye su a sito. Kujeru, alal misali, kamfanin da ke yin su yana kusa, ana aika masa jerin motocin da za su hau layi, shi kuma ya lodo kujerun bisa wannan jeri, ta farko ta motar farko, ta biyu ta mota ta biyu. Wannan dabara ta kawo kaya daidai lokacin buƙata daga kamfanin Toyota na Japan ta samo asali, ƙarƙashin wani injiniya mai suna Taiichi Ohno, bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da ba su da kuɗin tara kaya a ajiye.

Tun daga nan na fara kallon masana'anta da wani ido. Ginin da injinan su ne abin da baƙo ke gani, amma ranta yana hannun wanda ya san inda kowane kaya yake, da ranar da zai iso, da abin da za a yi idan bai iso ba.

Inda na fi daɗewa, kuma inda zuciyata ta fi kwanciya, shi ne wata cibiyar horo kusa da unguwar masana'antu, wadda wani abokin mai masaukina ya nema mana izinin shiga. Rabin ginin aji ne, rabi kuma sito ne na gaske: kantoci masu tsawo, katakan ɗora kaya, motar ɗaga kaya, na'urar karanta lambar da ke jikin kwali, an kuma ja layuka masu launi a ƙasa, nan hanyar mai tafiya da ƙafa, nan ta mota. Ɗaliban duk matasa ne, da yawansu 'yan mata sanye da hijabi, ga rigar aiki mai sheƙi a sama, ga takalmi mai ƙarfe a baki. Malamarsu ta yi shekara da shekaru tana aiki a masana'antar wayoyin mota kafin ta koma koyarwa. Ta tarbe ni da "Marhaba, Alhaji," ta sa aka ba ni kujera, mai masaukina ya zauna kusa da ni yana mayar mini da Faransancin zuwa Hausa.

Darasin farko lissafi ne, kuma mai sauƙi. Ta rubuta a allo: layi yana cin wani sashe guda 400 kullum. Daga ranar da aka yi oda zuwa ranar da kaya ke sauka kwana 12 ne. Kamfani yana so a riƙe na kwana 3 saboda ko-ta-kwana. Yaushe za a yi sabuwar oda? Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Ustaza, idan abin da ke sito ya sauko zuwa 6,000." Malama ta ce daidai ne, amma ba ta bar ta ta zauna ba. Ta ce to iska ta tashi a mashigi, an dakatar da jiragen fito kwana biyu, me za ki yi? Yarinyar ta ce na ko-ta-kwana zai ɗauke. Idan kuma kwana biyar ne fa? Nan aji ya kaure. Wani ya ce a ɗauko ta jirgin sama. Malama ta ce nawa ne kuɗin, kuma wa zai biya? Wata ta ce a sauya jerin motocin da za a ƙera, a fara da waɗanda ba sa buƙatar wannan sashe. Wani ya ce tun farko bai kamata a dogara da mai kawo kaya ɗaya ba. Ba ta ce wa kowa ka yi kuskure ba, sai dai duk wanda ya kawo shawara ta sa shi ya fito ya lissafa abin da shawararsa za ta ci.

Ta kuma ja kunnensu a kan ɗaya gefen. Tara kaya da yawa don tsoron yankewa shi ma asara ne: kuɗi ne aka ɗaure, ga hayar wuri, ga inshora, ga lalacewa, ga kuma yiwuwar a sauya samfurin mota a bar ka da tsohon kaya. Ta ce gwani shi ne wanda ya san tsakiyar, kuma tsakiyar ba a cankarta, auna ta ake yi.

Bayan sallar azahar suka yi wani wasa da ba zan manta da shi ba. An ƙirƙiro shi a jami'ar MIT ta Amurka a farkon shekarun 1960, kuma har yau makarantun wannan fanni a duniya suna amfani da shi. Aka raba ɗalibai gida huɗu: mai kanti, ɗan sari, babban dila, sai masana'anta. Ba a yarda wani ya yi magana da wani ba. Kowa sai dai ya rubuta odarsa a takarda ya miƙa wa na gaba da shi, kuma kaya ba sa isowa sai bayan zagaye biyu. Malama ce mai saye. Da farko tana sayen guda huɗu kowane zagaye. Can sai ta koma takwas, ta kuma tsaya a kan takwas ɗin har aka gama.

Ku zo ku ga abin da wannan ɗan ƙari ya haifar. Mai kanti ya ga kayansa na ƙarewa, ya yi odar goma sha biyu. Ba su iso da wuri ba, ya tsorata ya ƙara. Ɗan sari ya ga oda ta yi tsalle, ya zaci kasuwa ce ta buɗe, ya ninka tasa. Kafin labari ya kai masana'anta, sai ga ta tana aiki ba dare ba rana. Da kayan suka fara sauka gaba ɗaya, sai kowa ya daina oda, sito ya cika maƙil, masana'anta ta zauna ba aiki. Da aka gama, malama ta sa kowane rukuni ya faɗi abin da yake zaton mai saye ya yi. Duk suka ce cinikinsa hawa da sauka ya riƙa yi. Sai ta buɗe takardarta suka ga huɗu, sannan takwas, shi ke nan. Aji ya yi tsit. Ta ce babu mugu a cikinku, babu kuma wawa, kowa ya yi abin da hankalinsa ya ba shi, amma jinkiri da rashin jin labarin juna sun karya ku duka. Duk wanda ya yi kasuwanci a Singa ko Dawanau ya ɗanɗani wannan ciwo, sai dai ba a taɓa zaunar da shi an auna masa shi a allo ba.

Akwai kuma darasin takardu, wanda matasa ba su cika so ba amma shi ne ke raba mai riba da mai asara. Suna haddace sharuɗɗan ciniki guda 11 da ake kira Incoterms, waɗanda Majalisar Kasuwanci ta Duniya da ke Faris ta fara fitarwa a 1936, aka kuma sabunta su a 2020. Kowane sharaɗi yana fayyace wanda zai biya kuɗin jirgi, da wanda zai biya inshora, da daidai inda alhakin kaya ke tashi daga wuyan mai sayarwa ya koma wuyan mai saye. Na ji wani abu a nan da nake so 'yan kasuwarmu masu sayo kaya daga Sin da Dubai su riƙe. A sharaɗin CIF, mai sayarwa ne ke biyan jirgi da inshora har tashar da aka ambata, amma da zarar an ɗora kaya a jirgi a tashar can, hatsarinsu ya koma kan mai saye. Idan suka lalace a teku, kai ne za ka bi kamfanin inshora, ba shi ba. Yaro ɗan shekara goma sha tara a Tanja ya san wannan kamar sunansa.

Wannan duk bai faɗo daga sama ba. Tun 1974 Maroko ta kafa hukumar koyar da sana'o'i da ake kira OFPPT, mai cibiyoyi a ko'ina cikin ƙasar, inda wanda ya gama sakandare zai yi shekara biyu ya fito da shaidar ƙwararren ma'aikaci. A 2010 gwamnati ta fitar da tsari na musamman a kan lojistik, ta kuma kafa masa hukuma tasa. Da masana'antun mota suka zo, sai aka buɗe cibiyoyin horar da ma'aikatansu da ake kira IFMIA a Tanja da Kenitra da Kasablanka, kuma a nan ne na ga hikimar da ta fi burge ni: gwamnati ce ke gina cibiya, amma sai ta miƙa ragamarta ga masu masana'antar da za su ɗauki yaran aiki. Ta kusa da Mellusa kamfanin Renault ne ke tafiyar da ita, kuma ta fara horar da ma'aikata tun kafin motar farko ta fito. Haka aka yi wa sana'ar ƙera sassan jirgin sama a Nuwasir kusa da Kasablanka. A sama da waɗannan kuma ga makarantun injiniyoyi da na kasuwanci na jami'ar Abdulmalik Assa'adi, inda ɗalibi ba ya karɓar shaida sai ya shafe watanni a cikin kamfani, an damƙa masa wata matsala ta gaske, ya warware ta ko ya gwada, sannan ya zo ya kare aikinsa a gaban malamai da mutanen kamfanin.

Mai masaukina yana shirin nasa. Aikin da aka ba shi shi ne ya rage tafiyar da motocin ɗaga kaya ke yi a wani sito, ta hanyar dawo da kayan da aka fi nema kusa da ƙofa. Abu ne ƙarami a ido. Amma ya nuna mini zanen da ya yi da lissafin mitocin da za a rage kullum, na ga yaro yana magana da yaƙinin wanda ya taɓa abu da hannunsa.

Ba aljanna ba ce. Albashin masu aikin hannu a kan layi bai taka kara ya karya ba, kuma wanda Faransancinsa bai nuna ba yakan sha wuya kafin ya hau sama. Su da kansu suna faɗin haka. Amma ƙofa a buɗe take, kuma matakalar a bayyane: mai ƙirga kaya a sito yana iya zama mai tsara oda, daga nan ya zama mai sayo wa kamfani kaya, ko mai hulɗa da kwastan, ko mai tsara abin da layi zai ƙera mako mai zuwa.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara wa wannan ilimi daraja. A watan Maris na 2021 jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez kwana shida, kasuwancin duniya ya rikice. A shekarar ta 2021 kuma ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin lantarki ya tsayar da masana'antun mota a ƙasashe da dama. A 2022, da yaƙi ya ɓarke a Yukren, masana'antun da ke harhaɗa damin wayoyin mota a yammacin ƙasar suka tsaya, cikin 'yan kwanaki layukan Volkswagen da BMW a Jamus suka tsaya su ma. Wani ɓangare na wannan aiki Arewacin Afirka aka kawo shi, har da Maroko, domin kamfanoni irin su Yazaki da Sumitomo da Lear da Aptiv sun riga sun kafu a nan, kuma akwai horarrun mutanen da za su karɓi ƙarin aiki ba tare da kaya sun cakuɗe ba.

Da dare, muna shan shayin na'ana'a a wani shago a tsohon gari, na ce wa yaron ai wannan aiki kakanninsa sun yi shi. Ayarin fatake da ke tashi daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja sayen goro yana da madugu, yana da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya da zango, yana da uban dawaki, yana da malami mai riƙe lissafi. Madugu ne ya san rijiyar da ke da ruwa a wane wata, da sarkin da za a biya fito da nawa za a ba shi, da guzurin da zai isa, da yadda za a riƙa buɗe huhun goro ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya lalace don kada ya ɓata sauran a tafiyar watanni. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kaiwa Tumbutu da Gat da Tarabulus. Jar fatar akuyar ƙasar Sakkwato kuwa ta ratsa Sahara har Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko. Mutanen da suka iya wannan ba baƙin hidimar kai kaya da kawo kaya ba ne. Abin da ya bambanta shi ne madugu ɗansa ko yaronsa kaɗai yake koya wa, a kan hanya, kuma abin da ya sani yakan bi shi kabari. Mutanen Tanja sun rubuta nasu, sun sa masa lissafi, sun buɗe shi ga ɗan kowa.

Yaron ya ce shi abin da ya ƙara masa himma shi ne abin da ya faru a gida a 2023, lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Benin. Kayan da aka saba ɗaukowa daga Kwatano suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, farashi ya tashi a Maraɗi da Damagaram, magani ma ya yi wuya. Ya ce, "Baba, ƙasar da ba ta da teku ita ta fi kowa buƙatar wannan karatu."

Mu ma a Nijeriya muna da namu tabon. Maroko ta fara harhaɗa mota a Kasablanka da kamfanin SOMACA da aka kafa a 1959, mu kuma Peugeot ta Kaduna ta fara a 1975, har 504 ta zama motar kowane gida mai hali. Amma yawancin sassanta daga Faransa suke zuwa, an ma yi shekaru ana ɗauko su ta jirgin sama daga Liyon zuwa Kano. Da kuɗin waje ya yi wuya a shekarun 1980, sai aiki ya ja baya. A Maroko kuwa an dage sai da masu yin kujeru da gilashi da wayoyi suka zo suka kafa nasu a gefen masana'anta, har fiye da kashi 60 cikin 100 na abin da ke jikin motar Renault ta can a cikin ƙasar ake samo shi. Ga kuma masana'antar tumatir ta Kadawa da aka buɗe a 2016, mai iya cin tan 1,200 a rana, wadda ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir, a jihar da tumatir ke ruɓewa a bakin hanya lokacin kaka. Injin lafiyarsa lau. Abin da ya yanke shi ne igiyar da ke tsakanin gona da ƙofar masana'anta: yarjejeniya da manomi, farashi, iri, kwando, mota, lokaci.

Ba daga sifili za mu fara ba. Cibiyar NITT tana Zariya tun 1986 tana koyar da harkar sufuri. Kwalejojin fasaha sun daɗe suna koyar da saye da adana kaya. Shirin SIWES na tura ɗalibai masana'antu yana nan tun 1973. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi ana kan aikinsa. Duk waɗannan za su nemi matasan da suka san takardar kaya, da lissafin sito, da ka'idar kwastan. Idan ba mu horar da namu ba, za a kawo na wasu, mu kuma mu tsaya a dako da gadi.

Don haka nake kira ga masu masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa da Kakuri, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kano da Kaduna da Maraɗi: ku je kwalejin fasaha mafi kusa da ku, ku zauna da malamai ku faɗa musu irin ma'aikacin da kuke nema, ku ba su kantoci da katakai da tsohuwar motar ɗaga kaya su kafa sito na koyo, ku kuma karɓi ɗalibansu ku ba su aiki na gaske, ba aiken sayo abinci ba. Gwamnonin da ke gina cibiyoyin sana'a su gwada miƙa ragamar ko da guda ɗaya ga masu ɗaukar ma'aikata. Iyaye kuma, idan ɗanku ko 'yarku ta ce wannan fanni take so, kada ku ce aikin sito ne. Ku sa mata albarka ku biya kuɗin makaranta.